Kududdufin Bayan Gida: Ta Ina Rai Ke Shigarsa, Me Kuma Ke Kashe Shi?

A watan Afrilu, in ka zagaya bayan gidanmu na gado, rami kawai za ka tarar. Ƙasar cikinsa ta bushe ta yi faso kamar diddigen manomi, awaki na tsintar ɓawon rake a gefe, yara sun kafa duwatsu a tsakiya suna buga ƙwallo. Ko ɗigon ruwa babu. Ka dawo wurin bayan an yi ruwa uku ko huɗu masu ƙarfi, da daddare sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, saboda kukan kwaɗi. Kafin Agusta ta fita yara sun fara jefa fatsa suna ciro 'yan tarwada. Babu wanda ya zuba kifi a ciki, babu kuma kogin da ya ratso unguwar.

Ina yaro na taɓa tambayar kakana, Allah ya jiƙansa, muna zaune a dakali bayan la'asar. Na ce, "Baba Tsoho, wa ya kawo kifin nan?" Ya ce, "Abokina, tare da ruwan sama suke saukowa." Amsar da kusan kowa a unguwar zai ba ka ke nan, kuma ban ga laifinta ba, tunda ido bai ga wata hanya ba. Sai da na girma na gane cewa yawancin abin da ke motsi a kududdufin nan bai taɓa barin wurin ba. Yana ƙarƙashin ƙafafun masu buga ƙwallo tun rani, yana jiran ruwa.

Kududdufi ya yi baƙin jini a garuruwanmu. Da an ambace shi sai a tuna da sauro da wari da yaron da ya nutse bara. Duk gaskiya ne, kuma zan zo kansu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke damuna shi ne mun haɗa abu biyu a suna guda. Akwai kududdufi mai rai, akwai wanda muka kashe da hannunmu, sannan laifin na biyun muke ɗora wa na farko. Wanda bai iya bambance su ba, shawararsa ɗaya ce kullum: a cike shi, a yanka filaye.

Ramin da gini ya bari

Hannun mutum ne ya haƙa kududdufi. Duk gidan ƙasa da ka gani a Kano ko Zariya ko Katsina ko Damagaram, ƙasar tubalinsa daga wani wuri nan kusa aka saro ta, jakuna suka yi jigilarta a mangala. Inda aka sara ya zama rami, damina ta cika shi, yumɓun da ke ƙasa ya hana ruwan tsiyayewa. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta shekaru kusan ɗari tara da suka wuce, ita ma ta bar manyan ramuka a gindinta. Baturen nan Hugh Clapperton da ya shiga birnin a 1824 ya rubuta cewa wata fadama mai faɗi ta kusa raba garin biyu, wato Jakara. Ruwa a tsakiyar gari tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Magina sun kwaɓa ƙasa da shi, an shayar da dabbobi, masu wanki sun yi wanki, kuma duk abin da indararo ya zubo lungu ya kwaso, a nan yake samun masauki.

Masu jira a laka, masu rarrafe, da masu fiffike

Laka rumbu ce. Masanin halittu Charles Darwin ya taɓa ɗebo cokali uku na laka a bakin wani ɗan kududdufi a Ingila, ya zuba a kofi ya rufe, ya ajiye wata shida a ɗakin karatunsa. Duk tsiron da ya leƙo sai ya cire ya ƙirga. Ya ƙirga 537. Kai ma za ka iya gwada irinsa: a watan Maris ka ɓanɓaro busasshiyar laka daga tsakiyar ramin, ka jefa a kwalba mai faɗin baki, ka zuba ruwan rijiya, ka ajiye inda haske ke shiga. Cikin 'yan kwanaki ka ɗaga kwalbar ka duba. Za ka ga ɗigo-ɗigo suna zabura a ruwan, ƙanana kamar garin gero. 'Yan uwan jatan lande ne, ƙwansu ya sha rana da ƙurar hunturu bai mutu ba.

Babbar mai jira ita ce gaiwa, kuma ita ce ta fi ba ni mamaki har yau. Kifi ce mai huhu, tana leƙowa saman ruwa ta shaƙi iska kamar ni da kai; in aka hana ta leƙowa nutsewa za ta yi. Da ruwa ya fara janyewa sai ta kutsa cikin laka da baki, ta naɗe jikinta wutsiya ta rufe kai, ta fitar da yauƙi mai yawa. Yauƙin ya bushe ya zama kamar jakar leda ya lulluɓe ta, sai 'yar kafa ɗaya a daidai bakinta da ke haɗe da ramin da ta shigo ta ciki. Ta nan take numfashi. Bugun zuciyarta ya ragu, ba ci ba sha, wata shida ko bakwai. Hausawa kan ce gaiwa jikinta take ci, kuma bincike ya gaskata su: tsokarta take narkarwa kaɗan-kaɗan ta rayu a kai. Dattin da jiki ke fitarwa, wanda a ruwa da tuni ya wanke, takan mai da shi wani sinadari marar dafi sosai ta tara a jiki har ruwa ya dawo. An ajiye gaiwa a busasshiyar laka a ɗakunan gwaji fiye da shekara uku, aka jiƙa ta farka. In damina ta kama, namijin ne ke gyara gurbi a cikin ciyawa, shi ke gadin ƙwai da 'ya'ya.

Akwai kuma wani ɗan kifi da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wanda dabararsa daban ce. Shi ba ya tsallake rani. Yakan binne ƙwansa a laka ya mutu da ƙafewar ruwa, ƙwan ya kwana a ƙasa har wata daminar, ya ƙyanƙyashe, ya girma cikin 'yan makonni, ya sake binne nasa. Ɗaya daga cikin irinsa sunan wani kogin ƙasarmu yake ɗauke da shi a littattafan masana, Pronothobranchius kiyawensis, domin a kogin Kiyawa kusa da Katagum aka samo wanda aka fara bayyanawa a 1928.

Kwaɗi ba su yi nisa ba su ma. Wasu na gindin randa, wasu a ƙarƙashin dutse ko tsagar bango, manya irin su burduddugi kuma sun binne kansu a ƙasa. Hayaniyar daren farko duk ta maza ce, kowane iri da muryarsa, mace na bin muryar jinsinta a cikin duhu. Da safe ka duba gefen ruwa. In ka ga dogon zare mai yauƙi da baƙaƙen ƙwayoyi jere kamar carbi, na kwaɗon gida ne mai kaushin baya. In ka ga ƙwan a warwatse ko a dunƙule yana yawo a saman ruwa, na masu santsin jiki ne. Kwana biyu zuwa uku sai talibamban, baƙi ƙirin a gefe-gefe, suna tsere da rana: ko su fitar da ƙafafu kafin ruwan da suke ciki ya ƙafe, ko su bushe a wurin.

Tarwada kuwa da cikinta take zuwa. A saman mashaƙarta akwai wata tsoka mai rassa kamar ƙaramar bishiya, da ita take shaƙar iska a tudu. Daren da aka kwana ana tafka ruwa, lunguna suka zama rafi, sai ta bi lambatu da jiƙaƙƙiyar ciyawa tana dogarawa da ƙayoyin nan biyu na gefen wuyanta, daga wani ruwa zuwa wani. Wanda ya fito sallar asuba ya tsinci kifi a tsakar hanya, me zai ce in ba daga sama ya faɗo ba?

Saura masu fiffike. Mazarin nan mai ruwan ɗorawa da ke cika sararin unguwa in hadari ya haɗo, matafiyi ne na gaske, damina yake bi duk inda ta nufa. Wani bincike da aka wallafa a 2009 daga tsibiran Maldibs ya nuna irinsa na tashi daga Indiya ya ƙetare teku zuwa gabashin Afirka. Ruwan wucin gadi yake nema ya saka ƙwai, domin tsutsarsa na gama girma cikin kamar mako shida, kafin wurin ya bushe. Buzuzun ruwa da danginsa da dare suke tashi, ƙyallin ruwa ke jawo su, shi ya sa wani lokaci za ka tsince su a kan sabon rufin kwano, sun ɗauka ruwa ne. Tsuntsaye na kawo iri da ƙwai a lakar ƙafafunsu da kuma cikinsu. A 2020 masu bincike a ƙasar Hangari sun ciyar da agwagin daji ƙwan kifi kusan 8,000. Guda 18 suka fito ta kashi ba su fashe ba, uku suka ƙyanƙyashe. Kaɗan ne ƙwarai, amma kifi ɗaya na saka dubban ƙwai, agwagi kuma ba sa fashin zuwa.

Abin da farin kwano ke nunawa

Ba a bukatar kayan aiki masu tsada. Farin kwano ko faranti mai zurfi, tsohuwar rariya da aka ɗaure a sanda, da takalmin roba dogo. Kada a sa hannu ko ƙafa tsirara a ruwan, dalilin yana tafe. Ka ja rariyar a hankali ta cikin ciyawar bakin ruwa, ka juye a kwanon da ɗan ruwa, ka jira laka ta kwanta.

Ranar da na fara yin haka da 'ya'yan ƙanwata, abin da ya tsai da mu wani ƙwaro ne launin laka, mai ƙafa shida da manyan idanu, kwance kamar tsinke. Tsutsar mazari ce. Wata tsutsar sauro ta gifta gabanta tana wutsil-wutsil. Leɓen ƙasa na wannan halitta dogo ne, a naɗe yake ƙarƙashin fuska kamar hannun da aka lanƙwasa, da ƙugiyoyi biyu a bakinsa. Ta harba shi ta dawo da shi, ido bai gama gani ba, tsutsar sauron ta ɓace. Ƙaramar cikinsu ta ce, "Kawu, ta cinye ta!" Na taɓa ta da kara, sai ta feso ruwa ta bayanta ta yi gaba kamar an harba kibiya. Mun zauna a kan kwanon nan har aka kira magariba. Akwai mai iyo a rigingine yana tuƙi da ƙafafu biyu kamar matuƙin kwalekwale, akwai buzuzun da ke ɗauko kumfar iska a ƙarƙashin fiffike ya nutse da ita, akwai matsattsaku yana miƙewa yana tsukewa. Kusan kowa a kwanon maharbi ne. Talibamban ɗin babban kwaɗon ruwa ma nama yake ci, har da tsutsar sauro da 'yan uwansa talibamban.

A nan ne maganar sauro take rikiɗa. Najeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, saboda haka ba abin wasa ba ne. To amma sauro iri-iri ne, kuma a kwano ana iya bambance tsutsarsu. Wadda ta kwanta shimfiɗe a ƙarƙashin fatar ruwa, ta anofilis ce, mai kawo zazzaɓi. Wadda ta rataye kai ƙasa da ɗan bututu a wutsiya, ta kuleks ce, mai kukan nan a kunne da hana barci. Babban mai yaɗa zazzaɓi a yankinmu ya fi son ruwa sabo, marar zurfi, wanda rana ke duka kuma maharba ba su riga sun tare a ciki ba: sawun kofaton shanu, sawun taya, ramin da masu buga bulo suka haƙa makon jiya, ruwan da ya kwanta a lungu. Kwana goma sun ishe shi daga ƙwai zuwa tashi. A tsakiyar tsohon kududdufi mai kifi da tsutsar mazari, yawancin 'ya'yansa abinci suke zama.

Wannan bai wanke kududdufi tas ba. Gefensa da dabbobi suka tattake cike yake da ƙananan ramuka da kifi ba ya kaiwa. Akwai wani anofilis da ya fi son inuwar ciyawar ruwa, yakan yi yawa a ƙarshen damina. Akwai wani sauron da tsutsarsa ke soka bututunta a saiwar kainuwa ta sha iska daga nan, ba ta ko leƙowa sama. Duk da haka, wanda ya cike kududdufi ya bar ruwan ya watsu ya kwanta a lungu ɗari, ya rushe gidan maharba ne ya buɗe wa sauro ɗakuna ɗari.

Ruwa ba ya tsami banza

Kududdufi na numfashi, kuma wanda ya gane wannan ya gane rabin lamarin. Da rana gansakuka da ciyawar cikin ruwa na fitar da iskar oksijin. Da dare sukan daina, amma kowa a ruwan na ci gaba da shaƙa, har su kansu tsirran. Saboda haka oksijin ya fi yawa da la'asar, ya fi ƙaranci gab da fitowar rana. Ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska da yawa: lita ɗaya a zafin digiri 20 na ɗaukar wajen miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa bakwai da rabi. Ruwanmu dama a takure yake tun kafin mu taɓa shi.

Sai mu zo mu juyo masa bututun shadda, ruwan wanke-wanke, kumfar omo, toka, jinin mahauta, kashin dabbobi. Duk taki ne. Gansakuka ta samu abinci ta yi yawa har ruwan ya zama kore shar kamar miyar kuka, kainuwa ta rufe sama ruf, haske ya daina shiga. Abin da ya mutu ya nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi su shanye sauran oksijin. Ka je da sassafe za ka ga ƙarfasa sun taru a sama suna buɗe baki. In an yi kwana biyu ana lumshi, wata safiya a tarar da su birjik ciki sama. Tarwada da gaiwa su ne na ƙarshen mutuwa, tunda suna da hanyar shan iska. In oksijin ya ƙare a ƙasa, wasu ƙwayoyin ne ke karɓar aiki, su ke fitar da warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai, lakar ta koma baƙa wuluk.

Ka ja rariya a irin wannan ruwa. Babu mai leɓen ƙugiya, babu buzuzu. Jajayen tsutsotsi ne a laka, da wata farar tsutsa mai doguwar wutsiya kamar ta ɓera, da tsutsar kuleks dubbai, domin ita daga sama take shan iska, ƙazanta kuma abincinta ce, ga shi babu mai cin ta. Wannan ne kududdufin da mutanen birni suka sani, shi ne mai wari da sauro, kuma yana da ranar da aka fara kashe shi: ranar da gida na farko ya juyo bututunsa ciki ba wanda ya ce uffan.

Akwai cutar da ruwa mai kyan gani ma ke ɗauke da ita, ita ce ta sa na ce kada a shiga ba takalmi. A ajinmu na firamare yara maza da yawa na fitsarin jini, har wasu manya na cewa alamar balaga ce. Tsargiya ce. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan da ke ciki ya ƙyanƙyashe ya nemi wata 'yar katantanwa da ba ta fi ƙwayar wake ba, wadda bakinta ke buɗewa ta hagu in ka riƙe ta tsininta na sama. A cikinta abin ke hayayyafa. Bayan kamar wata guda katantanwar ta fara sako dubban 'yan tsutsotsi da ido ba ya gani, sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka. Ta fata suke shiga, ba sai an sha ba. Su girma a jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, ƙwansu ne ke yaga ta har jini ya fito. In aka bar ta shekaru takan lalata ƙoda, takan jawo ciwon dajin mafitsara, ga mata kuma takan taɓa mahaifa. Maganinta praziquantel ne, wanda ake rabawa a makarantu, kuma yana aiki. Katantanwar ita ma takan yi rani a laka ta farfaɗo. Amma katantanwar da ba a yi wa fitsari a ruwa ba, ba ta da abin da za ta ba kowa.

Tarihin kurkunu ya isa misali. Ita ma daga kududdufi take, ta hanyar ƙumar ruwa da ake haɗiyewa a ruwan sha. A 1988 an ƙirga masu ita fiye da 650,000 a Najeriya. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da ita. Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya ƙauyuka tare da Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, a kan wannan aiki. Ba a bi kududdufan ƙasar nan an cike su ba. Tace ruwa aka yi da ƙyalle, aka hana mai ciwo tsoma ƙafa, aka zuba magani inda ya kamata, aka haƙa burtsatse. An gano inda igiyar cutar ta fi siranta, aka yanke ta a nan.

Nutsewar yara ita ce ba ni da wata doguwar magana a kanta, domin na ga uwa a bakin kududdufi ana neman ɗanta. Ramin da aka sara don ƙasa ba ya gangara a hankali kamar tafki. Taku biyu ruwa iya gwiwa, na uku ya shanye mutum, ga laka mai riƙe ƙafa. Duk kududdufin da ke cikin unguwa yana bukatar shinge, da sassabe gaɓarsa ta zama gangare, da babba mai tsawatarwa. Wannan wajibi ne ko ruwan mai rai ne ko matacce.

In aka cike shi, ina ruwan zai je?

Mu yi lissafi mai sauƙi. Ɗauki kududdufi mai tsawon mita 50 da faɗin mita 40, wanda zai iya ƙara ɗaukar ruwa mai zurfin mita 2. Lita miliyan 4 ke nan, jarka 160,000 ta lita 25. Ruwan sama mai milimita 50, irin wanda Agusta kan yi a dare ɗaya, in ya sauka a rufi mai murabba'in mita 100, lita 5,000 yake zubarwa. Wato ramin nan ɗaya zai shanye ruwan rufi 800 a daren. Da can tsakar gida ƙasa ce, lungu ƙasa ne, suna shan rabonsu. Yau kwano ne a sama, siminti a ƙasa, ruwan da ke gudu ya ƙaru, masaukinsa kuma ana cikewa da bola ana aza bulo. Ruwa bai san an sayar da wurin ba, hanyar da ya saba zai biyo. Gidan da aka gina a kan cikon shi ke fara tsagewa, na ƙasa da ke maƙwabtaka su jiƙe daga tushe su zauna. Wani amfanin kuma ba a ganinsa sai an rasa: abin da ke tsiyaya a hankali daga kududdufi yana taimaka wa rijiyoyin da ke kewaye, kamar yadda ƙazantarsa ma ke iya kai musu.

Ban ce kowane rami a bar shi ba. Wanda ya shekara ashirin yana shan ruwan majema ko na masana'anta, lakarsa ta zama guba, gyaransa ya fi ƙarfin unguwa. Amma da yawa ba su kai nan ba, kuma abin da suke bukata sananne ne. A toshe bututun shadda, kowane gida ya yi ramin kansa. A ɗauke juji daga baki. A riƙa kwashe kainuwa kada ta rufe fiye da wani yanki, a tara ta ta ruɓe ta zama takin lambu. A ware wa dabbobi mashaya guda maimakon su tattake gefe duka. Matsalar ita ce kududdufi na kowa ne, shi ya sa ba mai kula da shi, sai ranar da wani ya zo da takardar fili. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka tsare shi a takarda aikin hukuma ne; tsare shi daga bola kuwa aikin mai unguwa ne da limami da matasan layin. Inda aka tsai da ƙazanta, ba sai an sayo komai an zuba ba, damina ɗaya ko biyu masu fiffike da masu rarrafe za su dawo da kansu.

In kana son sanin halin da naku yake ciki, je ka da sassafe a watan Satumba ka tsaya shiru. Duba ko bado ya buɗe fararen furanninsa, domin da dare yake buɗewa ya rufe in rana ta ɗaga. Duba ko akwai tsuntsun nan mai jan jiki da dogayen yatsu da ke takawa a kan ganyen bado ba ya nutsewa. Namijin ne ke renon 'ya'ya, in ya tsorata yakan kwashe su a ƙarƙashin fiffike, sai ka ga 'yan ƙafafu na reto. Duba ko kabare ya rataya sheƙunansa a reshen da ya sunkuyo kan ruwa, ko zalɓe na tsaye a gefe kamar an dasa shi. Zalɓe ba ya ɓata safiyarsa inda babu abin kamawa. A jikin karan ciyawa kuma nemi ɓawon tsutsar mazari, fanko, a tsage ta baya, ƙafafun na riƙe da karan yadda mai shi ya bar su da asuba.

Daga Oktoba ruwa zai fara ja da baya. Shamuwa ta riga ta kama hanyar kudancin Afirka. A madadinta wasu ƙananan tsuntsaye masu siraran ƙafafu za su sauka a sabuwar lakar, daga Turai suke, sun ƙetaro Sahara, irin waɗanda ke taruwa dubbai a fadamun Haɗeja da Nguru. Kududdufin unguwa kan samu biyu ko uku. Balbelu za su yi layi suna tsintar kifin da ya maƙale. Bado zai kwanta, yara su tono tushensa. Wajen Janairu, in ka bi tsakiyar ramin a hankali kana duban ƙasa, za ka iya ganin 'yar kafa zagayayya da babban yatsa zai toshe, gefenta sumul. Gaiwa ce a ƙasa, kamar kamu ɗaya daga tafin ƙafarka, tana numfashi.